Mu shida za mu Kumasi koyar da karatu: ga inda aka kwana

Malamar Gyallesu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar tafiyarmu ta fara yawo a bakunan mutane, don haka gara ku ji daga gare mu. Mu shida ne, mata huɗu maza biyu, duk 'yan wannan zauren, muka ƙulla niyyar zuwa Kumasi ta ƙasar Ghana a dogon hutun watan Agusta, in Allah ya nufa. Goggona ce take aure a can, a unguwar Aboabo, kuma tana da islamiyyar matan aure a cikin gidanta. Yawancin ɗalibanta masu sana'a ne: mai koko da ƙosai, mai wake da shinkafa, mai tuwon zafi, mai ɗan tebur a kasuwar Kejetia. Hausa suke yi a gida, da yawansu sun yi nisa a Alƙur'ani, amma a boko ko sunansu ba sa iya rubutawa. Saƙo ya shigo waya sai an nemo yaro ya karanta, har da wanda bai kamata yaro ya gani ba. Su da bakinsu suka ce wa goggo ta nemo musu masu koyarwa daga gida.

Masauki da abinci mutanen can sun ɗauke mana. Abin da ya rage shi ne kuɗin mota, takardun tafiya da kayan koyarwa. Mako uku za mu yi. Muna neman addu'arku da shawararku da abin da Allah ya hore. Ma'aji zai kawo lissafi.

Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Ƙiyasinmu naira miliyan 3 da dubu 200. Mu matafiyan mun ɗauki miliyan 1 da rabi a kanmu, ta adashin da muke zubawa tun watan Janairu. Zoɓo da kunun ayan da su Auta ke sayarwa a unguwar Kongo ta nan Zariya, da dambun naman da Malama ke yi ana kaiwa ofisoshi, sun kawo dubu 410. Gudummawar dangi da abokai dubu 285. Saura miliyan 1 da dubu 5.

Maman 'Yan Biyu:
Masha Allah. Allah ya cika buri, ya kai ku lafiya.

Ɗan Samaru:
Anti Malama, ina ganin girmanki, kuma na san ba don duniya kike yi ba. Amma in na yi shiru na ci amanar zauren nan. Gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa? Ki tsaya ƙarƙashin gadar Kwangila da safe ki ƙirga yaran da ke yawo da roba a lokacin da ya kamata suna aji. Ki shiga ƙauyukan Giwa ko Soba ki ga aji ɗaya da yara a ƙasa ba malami. UNICEF ta daɗe tana maganar yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma kowa ya san mafi yawansu namu ne na Arewa. Matan auren da ba su iya karanta saƙon waya ba, a layinmu kaɗai zan kawo miki ashirin kafin la'asar.

Na biyu, wa ya taɓa koyon karatu a mako uku? Ke malamar firamare ce, kin fi ni sani. Yaro yana shekara guda a aji ɗaya bai gama haɗa baƙi ba, balle uwar gida da ta tashi tun asuba tana suyar ƙosai. Za ku je, a yi murna, a ɗauki hotuna, ku dawo, bayan wata biyu komai ya bi ruwa. Fiye da rabin kuɗin nan a mota zai ƙare. Da miliyan 3 ɗin nan malamai nawa za a biya shekara guda a nan Zariya?

Auta:
Yaya Ɗan Samaru, wallahi maganarka ta yi mini zafi. Tun Janairu nake tashi kafin asuba ina tace zoɓo kafin in tafi lacca. Ba hoto ya sa nake yi ba.

Ɗan Samaru:
Auta, ban ce niyyarki ba ta da kyau ba. Wahalar taki ce ma ta sa nake magana, don ba na so ta tafi a banza.

Kawu Na Birni:
Yarana, ku ba tsoho dama. Na yi shekaruna a koyarwa har na yi ritaya, kuma a ƙarshen aikina ajin manya na riƙe da yamma. Ɗan Samaru ya faɗi abu biyu. Ɗaya ban yarda da shi ba, ɗaya kuwa gaskiya ce tsagwaronta.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne kiran mutanen zangon Ghana dawa. Su wane ne mutanen zango? Jikokin fataken da suka riƙa tashi daga Kano da Katsina da nan Zazzau, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja su dawo da goro. Kasuwar Salaga ita ce matattararsu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra da sauran wurare. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar tarin rubutu da Larabci da Hausar ajami. Alhassan Ɗantata kansa da cinikin goron ƙasar nan ya fara ƙarfi. Babban limamin Ghana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, Hausa yake yi. To waɗannan dangi ne da nisa ta raba mu da su. Kuma akwai abin da ya bambanta halinsu da namu: Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ta zaɓa don koyarwa a makarantu. Matar da ke Tudun Wada in ta so koyon karatun Hausa, malami yana bayan gidanta, littafi yana kasuwar Sabon Gari. Ta Aboabo fa, ina za ta samu?

Sannan garin nan namu ba baƙon aikin nan ba ne. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Da aka tashi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, wanda irin su Malam Ahmadu Coomassie suka tsaya a kai, daga nan Zariya littattafan NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, suke fita su bazu lardi-lardi. In 'ya'yan Zazzau suka ɗauki allo da alli suka ƙetare iyaka, ba su yi abin kunya ba.

Amma maganar mako uku, Malama, yaron nan ya fi ku gaskiya. Na ga mata sun koyi baƙaƙe duka a wata ɗaya, aka yi hutun damina, suka dawo kamar ba a taɓa yi ba. Karatun babba ba ya zama sai da maimaici na watanni, kullum kaɗan-kaɗan. In kun je ku shida kun tara mata sittin kuna koya musu, ranar da kuka hau mota ranar ajin ya mutu.

Shawarata ku dubi yadda Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi. Ba ta bi ƙauye-ƙauye da kanta ba. Ta zaɓi mata dattijai amintattu, jajis, ta karantar da su, ta ba su malfa, su kuma suka koma garuruwansu suka karantar da matan da ake kira 'yan taru. Ta rasu a 1864, tsarin bai mutu da ita ba. Ku ce wa goggonku ta zaɓo mata takwas ko goma daga unguwar waɗanda suka ɗan yi boko, ko da a sakandare suka tsaya. Su ne ɗalibanku na gaskiya. Da safe ku koya musu yadda ake koyarwa, da yamma su shiga aji ku kuna zaune a baya kuna kallo. Makon ƙarshe kada ɗayanku ya taɓa alli.

Malamar Gyallesu:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Na karanta sau biyu. Mun yi tunanin samun masu taimaka mana a aji, amma ba mu ɗauke su a matsayin ginshiƙin aikin ba. Wannan ya juya tsarin gaba ɗaya, har da kasafin kuɗi, don dole a ware ɗan ihisani ga matan da za su riƙe ajin bayanmu. Ba za a ce mace ta bar teburinta na awa biyu kullum a kyauta ba.

Ɗan Samaru:
To in haka ne, me ya hana a tura musu kuɗin da littattafan, a yi horon ta waya? Ga bidiyo, ga WhatsApp. Sai kuɗin mota ya koma albashinsu.

Malamar Gyallesu:
Ƙanena, zuwa da kai ya fi saƙo. Koyarwa ba bayani ba ce kawai. Sai na tsaya bayan mai koyo na ga tana yi wa allo magana ta ba ɗalibai baya, na ga ta tsallake matar da ke ɓoye takardarta don kunya, sannan zan san abin da zan gyara mata. Waya ba ta nuna mini wannan. Bayan mun dawo, ƙwarai, wayar za ta yi aiki, duk mako mu ji yadda ake ciki. Amma sai an fara sanin juna ido da ido. Abin da zan iya yarda da shi, mu duba ko lallai sai mu shida. Wannan za mu zauna a kai.

Auta:
Anti, kar dai a ce ni za a rage.

Malamar Gyallesu:
Ba a yanke komai ba, Auta. Kwantar da hankalinki.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tambaya biyu gare ni, kuma don Allah kada a ɗauka da wata manufa. Ta farko, matan nan huɗu da muharramansu za su? Hanyar kwana biyu ce ko fiye, da kwanan mota. Ta biyu ita ce ta fi damuna. An taɓa tara kuɗi a wata ƙungiya da nake ciki, aka ce za a gyara rijiya, na ba da abin da ya fi ƙarfina a lokacin. Har yau ba rijiya ba bayani, kuma zumuncin mutanen ya watse a kan haka. Yanzu ga shi asusun da ake turawa da sunan mutum ɗaya yake, kuma Ma'aji maigidan Malama ne. Na san ku, na yarda da ku. Amma wanda zan tura wa sanarwar nan a danginmu bai san ku ba.

Ma'aji:
Hajiya, kin kyauta da kika faɗa a fili, ya fi a riƙa faɗa a bayan ido. Ta farko: ni ina tare da maiɗakina da ƙanwata, Auta da yayarta kuma suna tare da wansu. Iyaye duk sun sa albarka.

Ta biyu: ba mu da rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, shi ya sa ba mu iya buɗe asusu da sunan ƙungiya ba. Abin da za mu iya shi ne asusun haɗin gwiwa wanda kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma ɗayan ya zama ba matafiyi ba. Ina roƙon Kawu ya karɓi wannan. Duk Juma'a bayan masallaci zan saka takardar banki a nan, kowa ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita. Mai son a sakaya sunansa sai ya faɗa. Sannan ina so a samu wanda zai riƙa bin rasit ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya jin nauyinmu. Ban ga wanda ya fi Ɗan Samaru dacewa ba.

Kawu Na Birni:
Na karɓa. Ku zo da takardun gida ranar Litinin.

Ɗan Samaru:
Yaya Ma'aji, na karɓa, amma ka sani ko naira ɗari ta ɓace sai na tambaya a nan gaban kowa. Kuma karɓata ba ta nufin na sauka daga ra'ayina.

Ma'aji:
Abin da muke so ke nan.

Malam Na Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum. Mutum biyu sun tambaye ni a keɓe ko za su iya ba da zakkarsu a wannan tafiya. Zakka tana da mutanenta takwas da Allah ya ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Ni ba zan ce wa kowa ya sa zakkarsa a kuɗin motar mutanen da ke da albashi ba. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take, kuma ilimi mai amfani yana cikin abin da ladansa ba ya yankewa. Ku bayar da sadaka, zakka ku kai ta inda babu shakka.

Sai wata magana ga matafiya. Kada kalmar jahilci ta fito daga bakinku a gaban matan nan, ko a takardunku. Matar da ke buɗe Alƙur'ani ta karanta shafi ba ta tuntuɓe, ta riga ta san sirrin karatu: ta san alama tana ɗauke da sauti, ta san baƙi ba ya motsi sai da wasali. Abin da ya rage mata sabon rubutu ne da sabuwar hanya, daga hagu zuwa dama. Ku yi amfani da wannan. Ku rubuta ba, bi, bu da fataha da kasra da rufu'a, a ƙarƙashi ku rubuta na boko. Na gwada da ɗalibaina, wadda ta san ajami tana riga sauran da nisa. In kuna son abin nunawa, ku tafi da takardar naira dubu, ku nuna musu ajamin da ke jikinta, su karanta da kansu tun ranar farko. Mace ta ga ta karanta wani abu a ranar farko, gobe da wuri za ta zo.

Anti Nas:
Bari in shigo da nawa ɓangaren. Katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, dole ne a shiga Ghana. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma dole katin ya zama na gaskiya daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Kada wanda ya karɓi katin da aka ce za a kawo masa gida ba allura. Ku tafi da gidan sauro, da gishirin zawo, da maganin da kowa ya saba sha.

Abin da na fi so ku ji shi ne maganar ido. Daga shekara 40 zuwa sama, yawancin mutane ganin kusa yana raguwa. Matar da ba ta karatun boko ba ta ma san ta samu matsalar ba, sai dai ta ce zare ya daina shiga allura. In kun ba ta ƙaramin rubutu ta kasa, za ta ce kanta ne ba ya ja, ta daina zuwa, alhali idon ne. Ku buga komai da manyan baƙaƙe. Ku sa tabaran karatu a kasafi, irin masu sauƙin kuɗi, lamba daban-daban, a gwada wa kowacce. Wadda tabarau bai taimaka mata ba a tura ta asibitin ido. Ni na ɗauki nauyin guda ashirin.

Sai hoto. Kada a ɗauki fuskar matar mutane a watsa don a nuna wa masu gudummawa. A ɗauki allo, a ɗauki hannu yana rubutu, ya wadatar.

Malamar Gyallesu:
Anti, Allah ya saka da alheri. Maganar tabarau ko a mafarki ba ta zo mana ba.

Ɗan Kwangila:
Ni hanyar nan ita ce abincina, bari in taimaka. Motar dare daga nan zuwa Legas, ku huta, sannan ku hau ta Accra. Iyaka uku ce: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakondji tsakanin Benin da Togo, Aflao tsakanin Togo da Ghana. Daga Accra zuwa Kumasi wajen kilomita 250 ne, amma ku ba shi awa biyar ko shida. Ɗan ECOWAS ba ya buƙatar biza, yana da kwana 90. Fasfo ƙarami ya koma naira dubu 100 tun Satumban 2025, don haka wanda ba shi da shi ya tambayi takardar tafiya ta ECOWAS a ofishin shige da fice, ta fi sauƙi kuma ta isa wannan tafiyar. Ku riƙe wasiƙar gayyata daga islamiyyar, da adireshi da lambar wanda zai karɓe ku, kowa da kwafinsa. Ku tabbatar an buga muku hatimi a kowace iyaka, shiga da fita, ko da wani ya ce ba komai ku wuce. Kuɗi iri uku za ku taɓa: naira, sefa, sidi. Kada ku canza duka a bakin iyaka. Da kun shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya, ku lura saboda salla. Littattafai kuma kada a cusa su a buhu ɗaya, a raba wa kowa a jakarsa.

Baban Yara Tudun Jukun:
Me ya sa ba za su bi ta Nijar da Burkina su sauko ta arewacin Ghana ba? Ai ita ce hanyar kakanni.

Ɗan Kwangila:
Alhaji, ba yanzu ba. Nijar da Burkina da Mali sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma tsaron hanyar ba na ɗaukar mata ba ne. Ta Legas ita ce ta hankali. Agusta ma lokaci ne mai kyau, mu nan muna tsakiyar marka, su kuwa a Kumasi ruwa yakan ɗan tsagaita.

Baban Yara Tudun Jukun:
Na gamsu. Na tura dubu 20, Ma'aji ka duba. Kuma zauren gidana a buɗe yake in kuna neman wurin gwaji.

Malamar Gyallesu:
Jama'a, kwana biyu kun ji ni shiru. Na tura wa goggo duk abin da aka tattauna, ta amsa da saƙon murya mai tsawo. Ga abin da ta ce, na rubuta yadda ta faɗa:

"Ku gaishe mini da Kawu, ku ce shawararsa ta zauna. Ina da 'yan mata da zawarawa tara da suka yi makaranta, biyu ma sun gama sakandare suna zaune. Amma ku sani, matan nan abin da ya fi ci musu rai saƙon kuɗi ne. Nan kusan duk ciniki da waya ake biya. Mai saye ya ce ya tura, ya nuna mata waya, ita ba ta san ko saƙon shiga ba ne ko na fita, ko ma tsohon saƙo ne. Kuma saƙon da Turanci yake zuwa, ba da Hausa ba. Akwai wadda aka nuna wa sidi 5 ta ɗauka 500 ne saboda sifilin da ke bayan ɗigo, ta ba da kaya har da canji. In kun koya musu Hausa kaɗai za su ji daɗi, amma ba ku share musu hawaye ba. Sannan Hausarmu ta nan ba irin ta Zazzau ba ce sak, ta cakuɗa da Turanci da harshen Tuwi. Kada ku zo kuna gyara musu baki, za su gudu."

Wannan ya sa muka sake zama. Ga abin da muka tsayar: da Hausa za a fara, don mutum ya fi saurin kama karatu da harshen da yake tunani da shi, kuma baƙaƙen boko ɗaya ne da na Turanci in ban da ɓ, ɗ, ƙ da 'y. Amma tun makon farko lambobi za su shigo, da ɗigon da ke raba sidi da pesewa, da kwanan wata. Sai kalmomin Turanci kamar goma da ke zuwa a saƙon kuɗi, na an karɓa, na an tura, na abin da ya rage, a haddace su da ido. Kalmomin darasi kuma ba za mu buga su duka a nan ba. Za mu bar gurbi, malaman can su cike da kalmomin da ake faɗa a unguwarsu.

Kawu Na Birni:
Goggonku ta san aikinta. Ku bi maganarta sau da ƙafa.

Auta:
Bari in ba da labarin gwajin da muka fara a zauren Alhaji, tunda Anti Malama ta ce ni zan rubuta. Mata goma sha ɗaya suka zo ranar Asabar. Mun yanka kwalayen taliya muka rubuta gaɓoɓi da babban alƙalami, kowane kati gaɓa ɗaya. Akwai wata Inna mai sayar da daddawa, ta haura hamsin, ta riƙe fensir kamar muciya, ta danna har takardar ta huje. Ta ajiye ta ce ita kam a bar ta ta riƙa sauraro. Anti ta ɗauke takardar, ta zuba yashi a faranti, ta ce ta zana da yatsa. Ta zana gaɓar "da" sau biyar a yashin. Sai Anti Nas ta sa mata tabarau mai lamba biyu. Ta ɗaga katin, ta matso da shi, ta nisanta, ta ce ashe abin yana da ƙugiya a sama. Gaɓar "ɗa" take nufi, duk lokacin nan ba ta ganin bambancinta da "da". Kafin a tashi ta jera katuna uku da hannunta, dad da wa, ta karanta, ta sake karantawa, ta ce a ba ta su ta tafi da su gida. Mun ba ta, mun yanka wasu.

Abin da na gane, ina da sauri da yawa. Sau uku Anti tana taɓa ni in dakata. In na yi tambaya ba a amsa nan take ba sai in ba da amsar da kaina, ashe ita mai koyon tana kan hanya.

Ɗan Samaru:
Wannan Innar fa? In kun tafi Kumasi wa zai ci gaba da ita? Ko ita kayan gwaji ce?

Malamar Gyallesu:
Tambayarka a kan hanya take, kuma mun riga mun yi ta a tsakaninmu. Mun yanke cewa mu biyar za mu tafi. Ƙanwar maigidana ta ce ita za ta zauna ta riƙe ajin Tudun Jukun, da ma jaririnta bai yi ƙwarin doguwar hanya ba. Kuɗin motarta da na takardunta za su koma ihisanin malaman Aboabo na wata shida. In mun dawo ajin nan ba zai tashi ba, Alhaji ya ce zauren namu ne duk Asabar da Lahadi. Amma mutum ɗaya ba ta isa mata goma sha ɗaya ba, kuma jiya wasu huɗu sun aiko tambaya. Kai da ka ce za ka kawo ashirin daga layinku, muna buƙatar mai koya wa mazajensu ma, don biyu sun yi magana.

Ɗan Samaru:
Har yanzu ina ganin da kuɗin nan duka a nan aka kashe su da sun fi yawan amfani, kuma ba zan sa ko sisi a kuɗin mota ba. Amma bugun katuna da littafin darasi na wurare biyun, ku kawo mini, akwai mai injin bugu da muke mutunci da shi a Sabon Gari, ni zan biya. Ajin maza kuma zan gwada, in Kawu zai zauna a bayana makon farko. Ban taɓa koyar da kowa ba.

Yaya Ma'aji, a takardar Juma'ar da ta wuce akwai dubu 12 da aka cire ranar Talata, ban ga rasit ɗinta ba.

Ma'aji:
Kuɗin alluna ƙanana guda talatin ne da kwalin alli biyu. Rasit ɗin yana wurin yayan Auta, zai ɗauki hotonsa ya saka a nan yau da dare. Bayan gudummawar makon nan da tabaran Anti da bugun da ka ɗauka, abin da ya rage mana dubu 430.

Kawu Na Birni:
Zan zo, ɗana. A fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba, don magidanci ba ya zaman awa biyu. Ka zo da rajista ka rubuta sunan kowa da sana'arsa, daga sana'ar za mu ciro kalmomin farko.

Malamar Gyallesu:
Asabar mai zuwa ƙarfe 10 na safe akwai yankan katuna a gidan Alhaji, muna buƙatar hannu da yawa, saiti goma za mu haɗa na Kumasi, uku na nan. Mai almakashi ya zo da shi, mai kwalin da ba ya amfani da shi kuma ya kawo, amma ban da wanda mai ya taɓa. Matafiya kuma allurar shawara ranar Laraba, Anti Nas za ta faɗi inda za a haɗu.

Maman 'Yan Biyu:
Kwali ku bar mini, shagon maigidan yana da su da yawa. Na tura sanarwar a zauren danginmu tare da takardar bankin.